Memorin Wayar Gwaggo

Ina da shagon hoto a Dutsin-Ma. Ɗaki ɗaya ne, da shuɗin labule na ɗaukar fasfo, da benci, da tsohuwar kwamfuta da na saya a hannun wani. Tun ranar da na kawo kwamfutar nan take da wani hali: da ka soka mata filash ko memori, ba ta jiran ka ce uffan, sai manhajar gyaran hoto ta buɗe kanta ta cika gaban kwamfutar. Ga ta da nauyin tsiya, sai ku yi tsaye cirko-cirko, kai da mai hoto, kuna jiran ta gama miƙa. Shekara uku ina zagin ta a kan wannan, ban taɓa zama na gyara ba. Ni mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka. In na ce mata "shegiya" na rufe, to an gama, sai kuma gobe.

Abin bai zama abin tsoro ba sai da taubashina ya rasu.

Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Babana, wadda ke aure a Kurfi. Sa'ana ne, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, in ya shigo shago sai ya ɗauke hulata ya ɗora bisa firinta ya ce ita ta fi ni amfani. Direban babbar mota ne, yana kai shanu Kudu. Can hatsari ya same shi, can aka yi masa sutura. Labari ya zo mana ranar Laraba da hantsi.

Ranar Litinin ta wannan makon kuwa aka yi wa Gwaggo aikin ido. Shekara shida yanar ido ta rufe mata idanu, sai dai ta bi bango. Likita ya ce ɗayan ya riga ya mutu, ɗaya kaɗai za a iya cetowa, shi aka yi wa aikin. A gidana ta sauka, don kada a riƙa jigilar ta daga Kurfi duk ranar dubawa. An ba mu dokoki na mako uku: kada ta shiga hayaƙi, kada ta sunkuya, kada ta murza idon, kada ta yi abin da zai sa shi ruwa. Har yau ban san ko kuka yana ɓata aikin ido da gaske ba. Amma Baba da ya zo, ya tara mu a zaure ya ce ido ɗaya ya rage wa ƙanwarsa a duniya, ba zai yi caca da shi ba. Duk wanda ya gaya mata kafin mako ukun ya cika, shi da shi ne.

Raina bai so ba, amma ban yi musu ba. Aka yi zaman makoki a Kurfi, uwar mamaci tana Dutsin-Ma kwance da bandeji a fuska tana jan carbi. Matata ta zare layin wayar Gwaggo ta ce mata kamfani ne ya rufe shi. Duk mai zuwa dubiya sai an tare shi a ƙofa an ja masa kunne. In kuka ya zo wa matata sai ta shige madafa, tunda nan ne kaɗai Gwaggo ba ta da izinin zuwa.

Kwana uku da rasuwar, abokan aikinsa na tasha suka zo shago. Suna son hotonsa babba, a rubuta addu'a a jiki, su manna a ofishinsu da gilasan motoci. Na ce to. Na samo wani hoto da na ɗauke shi da ƙaramar Salla, yana dariya, hula a karkace. Na yanke bayan hoton, motoci da mutanen da ke tsaye duk na share, ya rage kai da kafaɗu a kan fari fat. Na ɗora "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" da rubutun Larabci manya-manya a sama. Na fara gyaran fuska, na haska ido ɗaya, ban kai ga ɗayan ba, aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta mutu ɗif. Da aka dawo da wuta bayan la'asar ban ma nemi na farkon ba, na sake sabo, na buga musu, suka tafi. Daga nan na goge hoton daga kwamfutar gaba ɗaya, har kwandon shara na zazzage. Ba zan iya aiki yana kallona ba.

Washegari wata mata ta zo da hotunan sunan jaririnta a memori. Na soka. Manhajar ta fara miƙarta kamar kullum, ina ce wa matar ta yi haƙuri, halinta ke nan. Da ta gama buɗewa sai ga shi.

Ba wanda na buga wa 'yan tasha ba ne. Na farkon ne, wanda wuta ta katse. Kai da kafaɗu a kan fari, babu ƙasa babu sama, addu'ar mamaci bisa kansa, ido ɗaya yana ƙyalli ɗaya a dushe, yana dariya. Matar ta ja jaririnta jikinta ta ce, "A'uzu billahi! Malam, wannan ba a memorina yake ba." Na ce na sani. Na yi maza na rufe shi. Ta karɓi abinta ta ce za ta dawo, kuma ba ta dawo ba.

Na bincike kwamfutar nan lungu-lungu. Babu shi. Na kashe na kunna, na soka filash ɗina wanda babu komai a ciki, sai ga shi. Na zare na sake sokawa, ga shi. Wallahi gashin jikina ya tashi. Tsakar rana ce fa, rana tsaka, ana jin masu babur suna wucewa, mai rake yana kiran ciniki a bakin titi, amma cikin shagon nan sai na ji kamar mu biyu ne. Na ce, "Kai, bawana, ko a can ba za ka ƙyale ni ba?" Da na ji muryata a ɗakin sai na ji na tsorata da kaina, na fita waje na zauna a bencin mai shayi har aka kira azahar.

Haka muka yi kwanaki. Duk wanda ya kawo filash ko memori sai ya gaisa da mamaci kafin ya ga hotonsa. Wani dattijo daga Barkiya ya zo fasfo, ya miƙo mini memorin ɗansa a ƙulle a leda, yana gani ya miƙe tsaye. "Wanga ai ya riga mu gidan gaskiya," ya ce. "Mi yake yi nan?" Na ce kuskuren inji ne, Baba. Ya dube ni, ya dubi labulen da zan zaunar da shi, ya ce shi ba za a ɗauki hotonsa a injin da ke riƙe mutane ba. Ya karɓi ledarsa ya fita. Ni kaina na fara juya fuskar kwamfutar bango in zan rufe shago. Da safe in na buɗe, sai na yi bisimilla kafin in juyo ta.

Abin da ya fi damuna idon nan ne da na haska. Ni na yi shi da hannuna, na san fenti ne kawai na haske, amma ko ina ka tsaya a shagon sai ka ga kai yake kallo. Kuma dariyar tasa ta daina yi mini kama da ta Salla. Ta koma irin wadda yake yi in ya san wani abu da ban sani ba.

A gida kuwa an cire wa Gwaggo bandeji, an ba ta baƙin tabarau. Idon ya kama. Ranar farko ta ƙirga kajin matata daga bakin ƙofa, ta ce tara ne, aka ce tara ne, ta yi ta dariya. Ta dube ni ta ce, "Ashe haka ka yi teɓa? Ana ta ce mini aiki ya yi maka yawa." Ta kama fuskar matata da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Na yi murna, Allah ya sani, amma murnar tana da ɗaci, don duk abin da ta gani sai ta ce za ta ba wancan labari.

Wancan take ce masa. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sai dai ta bi ta gefe. "Abokin faɗanka bai kira ka ba?" In ce hanya ce, Gwaggo, babu sabis a dajin. Ta ce, "Uhm. Shi dai da yawo." Ran nan da na dawo cin abincin rana sai ta miƙo mini 'yar wayarta, wadda take sauraron karatu da ita. Ta ce akwai memori a ciki, wancan ya zuba mata hotunan yaransa tun bara, ya ce ta ajiye sai ranar da ido ya buɗe. Gilashin wayar ƙarami ne, ba ta gani sosai. Tana so in kai ta shago in nuna mata su manya a injina.

"Yaran kawai nake son gani," ta ce.

Ni da ita duk mun san ba yaran kawai ba ne. Na ce sai an kwana biyu, hasken kwamfuta ba shi da kyau ga sabon ido. Ta ce za ta tambayi likita ranar Alhamis, in ya yarda, daga asibiti sai shago. Gwaggo in ta ce abu ta gama. Na karɓi wayar na juya, na mayar mata, na koma shago.

Ranar Talata Allah ya kawo mini wata Hajiya da ke aiki da kwamfuta a sakatariyar Kurfi, takan zo buga hotunan taro. Ta ba ni filash, na soka, na riga na runtse ido. Da fuskar ta fito ba ta ko motsa ba. Ta ce Allah ya jiƙansa, ɗan'uwanka ne? Na ba ta labari a taƙaice. Ta ce, "Malam, ba aljani ba ne. Wuta ta ɗauke kana cikin aiki, manhajar ta ɓoye kwafi don kada aikinka ya salwanta. Duk lokacin da ta buɗe sai ta miƙo maka abinka. Taimakonka take yi." Na ce taimakon banza da wofi. Ta yi dariya. Ta ce inda manhajata ke ɓoye irin wannan kwafin ba ta sani ba, sai an zauna an nema, amma hana ta buɗe kanta abu ne mai sauƙi. In shiga saitin kwamfutar, akwai wurin da ake gaya mata abin da za ta yi in an soka mata wani abu, in zaɓi kada ta yi komai. Tana sauri za ta kama motar Kurfi, tana bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Ka bi jerin duka fa, ba guda ɗaya ba ne."

Na ji ta, amma da kunne ɗaya. Na shiga, na samu wurin, ga layi na farko an rubuta na filash, ga sunan manhajar a gabansa ta yi zaman dirshan. Na cire ta, na zaɓi kada a yi komai. Na soka filash. Shiru. Na zare na sake. Shiru. Sau uku. Kai, na ji daɗi! Na buga tebur na ce, "Na ci ka, bawana! Sai ka nemi wata ƙofar." Na rufe saitin ban ko gangara ƙasa ba. Ranar Laraba mutum biyu suka kawo filash, lafiya lau, ba wanda ya kawo memori.

Alhamis likita ya duba ya ce idon yana kyau, ta iya kallon kwamfuta na ɗan lokaci, amma sauran dokokin suna nan. Muka hau babur mai ƙafa uku zuwa shago. Wajen ƙarfe sha ɗaya ne. Na share mata kujerata, na zaunar da ita gaban kwamfutar, ta cire baƙin tabarau ta riƙe a cinya. Tana ta kalle-kalle, ta ce ashe shagon ƙarami ne, yadda ake zuzuta shi ta ɗauka ya kai rumfar kasuwa uku. Na ciro memorin daga wayarta, ɗan mitsitsi, na sa shi a ɗan gidan da ake karanta memori da shi na soka.

Da na ga gaban kwamfutar ya yi fari yana miƙar nan, na san na kashe kaina. Memori layinsa daban. Na kai hannu zan fizge wayar wuta daga bango, sai na ji an riƙe mini tsintsiyar hannu. Ban san tsohuwar nan tana da ƙarfi haka ba.

"Bari," ta ce. "Mi kake gaggawa?"

Ya fito. Kai da kafaɗu a kan fari, hula a karkace.

Ta yi murmushi tukuna. Wannan murmushin ne har yau na kasa mantawa. Shekara shida ba ta ga fuskar ɗanta ba, ga shi ya cika mata gilashi yana dariya. Ta matsa kusa. Ta ce, "Ji shi. Ya yi furfura a gemu." Sai idonta ya hau sama, inda rubutun yake. Gwaggo ba ta yi boko ba, da a ce da boko na rubuta da ta wuce shi kamar ado. Amma ta yi allo tun tana yarinya. Ta saki hannuna, ta ɗora yatsa a gilashin daga dama, tana bi harafi-harafi, leɓɓanta suna motsi, yadda ake koya wa yara. Ta kai ƙarshe. Ta koma farko ta sake bi, wannan karon a bayyane, har "raji'un".

Ina tsaye a bayanta kamar an dasa ni. Na buɗe baki in ce kuskure ne, hoton wani ne, inji ne ya haɗa, amma ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Yaushe?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Larabar makon jiya, Gwaggo. Mota ce."

"An sa shi ƙasa?"

"Can aka yi. Abokan aikinsa da mutanen zango suka yi masa salla. Sun ce an taru sosai."

"To. Alhamdu lillahi."

Na durƙusa a gefenta, ni ne nake kuka, ƙato da ni, ina cewa ta yafe mana, Baba ne ya ce, don idonta ne. Ba ta kula ni ba. Na ga haɓarta tana rawa, na ga ta ɗaga kai sama tana kallon rufi, ta buɗe baki tana jan numfashi a hankali, a hankali. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Likita kwana nawa ya ce ya rage?"

Na ƙirga da yatsu don kaina ya ƙi aiki. "Goma sha ɗaya."

"Shi ya nace a yi idon ga," ta ce. "Shekara biyu yana bina. Ba zan ɓata mashi ba." Ta mayar da baƙin tabarau, ta ce in rufe injin in kai ta gida.

Kwana goma sha ɗayan nan su ne mafi tsawo da na taɓa yi. Da yamma Baba ya zo ya wanke ni tas a tsakar gida, kuma na cancanta. Gwaggo ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Yaya, ya isa. Kuma ku gaya wa mutane kowa ya riƙe gaisuwarsa, ban karɓa yanzu." Haka aka yi. Gida ya cika da mata daga Kurfi da Wurma, suna zaune jugum-jugum, ba mai cewa ya haƙuri, don ta hana. Tana zaune a tsakiyarsu bisa darduma, baƙin tabarau a fuska, kai a miƙe. Lokacin magani ya yi ta kira matata ta ɗiga mata. Ta ci abinci, ta yi salla a zaune yadda aka ce. In wata ta fara shessheƙa sai ta ce, "Fita waje ki yi." Na ga gawa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro kamar uwar nan da ta ƙi yin kuka ba. Yarana ma suka daina wasa a tsakar gida ba wanda ya hana su.

Washegarin ranar da ta ga hoton na koma shago na shiga saitin. Ga layin memori nan a ƙasan na filash, tazarar yatsa biyu. Na canza shi. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Ranar Litinin da mako ukun ya cika na mayar da ita asibiti. Likita ya haska idon, ya sa ta karanta alamomi a bango, ya ce madalla, ya warke. Gwaggo ta ce, "Likita, yanzu babu abin da zai ɓata shi?" Ya ce in Allah ya yarda babu, Hajiya. Ta ce, "Ko ruwa?" Ya ce ko ruwa. Ta yi masa godiya, ta naɗe tabarau ta sa a jaka, ta ce mini ba za ta koma gidana ba, Kurfi za ta.

Muka je tasha muka shiga mota, ita a jikin taga, ni a gefenta. Mutum shida ne a ciki, ba wanda ya san mu. Ta jira aka cika, ta jira direba ya tayar, ta jira muka wuce gidajen ƙarshe na gari muka shiga gonaki. Sannan ta ɗora hannu biyu a cinya, ta fara. Ba ta rufe fuska ba, ba ta share ba. Ido biyun duka suke zuba, mai gani da mataccen. Direban ya dube mu ta madubi sau ɗaya, ya kai hannu ya kashe rediyo, ya rage gudu. Haka muka tafi har Kurfi.